Agogon gado a shagon tela: nazarin gyaran wani Seiko 5 a Maraɗi

Tushen lamari, 1998 zuwa 2019

Mai agogon tela ne a unguwar Zariya, shekarunsa sun ɗan haura arba'in. Yana da keken ɗinki biyu na ƙafa, guda na lantarki, da yara biyu masu koyon aiki. Shagonsa na kallon ƙofar gidana, kuma ni na riƙe masa lissafin awon da za a gani nan gaba, da yardarsa.

Agogon na mahaifinsa ne. Tsohon ya sayo shi a Makka lokacin aikin Hajjin 1998, tare da wata darduma mai kamfas ɗin alƙibla a goshinta. Seiko 5 ne na farin ƙarfe, mai nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya, ranakun da Larabci da Turanci, kunnensa, wato ɗan abin da ake murɗawa a saita lokaci, a lafe wajen ƙarfe huɗu. Kamfanin Seiko na Japan ya fara fitar da wannan jeri a 1963. A murfin baya an buga 7S26, lambar injin ke nan, wanda aka soma ƙerawa a 1996. Ɗaya lambar ta fara da 7N. A tsarin Seiko, ta farko lambar ƙarshe ce ta shekara, ta biyu wata, wato an yi shi a Nuwamban 1997.

Irin wannan agogo ba ya cin batir. A cikinsa akwai wani rabin faifai mai nauyi da ke lilo duk sanda hannu ya motsa. Lilon ne ke ɗaure babban sifirin, shi kuma ya riƙa sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan ta cikin ƙafafu masu haƙora. Mai tsaron lokacin wata ƴar ƙafa ce da ake kira balans, tana bugu 6 a sakan, 21,600 a awa, 518,400 a kwana guda. A tsakiyarta akwai wani siririn sifirin da aka naɗe kamar maganin sauro na kunnawa, kaurinsa bai kai na gashin kai ba, don haka zan riƙa ce masa gashin agogo. Tsawonsa ne ke yanke saurin bugu: in ya gajarta agogo ya yi gudu, in ya tsawaita ya yi jinkiri. Ƙafafun na juyawa a kan ƙananan duwatsun yakutu na masana'anta, 21 ne a cikin injin, kuma wuraren gogayya na riƙe da ɗigon mai wanda ido bai cika gani ba. In sifirin ya cika, agogon kan yi kusan awa 40 a ajiye. Injin 7S26 ba a ɗaure shi ta kunne. In ya tsaya sai a kaɗa shi.

Alhajin ya ɗaura shi shekara 21, ba a taɓa buɗe shi ba. Ya rasu a 2019, agogon ya faɗo cikin rabon tela, ya jefa shi akwati tare da takardun gida.

Agusta zuwa Satumba 2023: farkon matsala

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take ba Nijar. Maraɗi na cikin garuruwan da ke shan wuta daga can, sai aka koma samun ta jefi-jefi. Keken lantarki ya zauna, wayar tela ta riƙa mutuwa tun kafin la'asar, ga masu ɗinki ana yi musu alkawarin ƙarfe kaza. Ya tuna da agogon. Ya fito da shi, ya kaɗa sau ashirin, dogon tsinken sakan ya tashi.

Cikin mako biyu alamu biyu suka bayyana. Yana rasa kamar minti 2 a rana. Sannan in ya cire shi ƙarfe goma na dare, kafin kiran assalatu ya tsaya, yawanci tsakanin uku da huɗu. Abin da ya kamata ya yi awa 40 bai wuce 6 ba.

Oktoba 2023: mai teburi a bakin kasuwa

Wata Litinin ya kai shi wurin wani matashi mai teburin sauya batir da maɗauri a gefen Babbar Kasuwa. Matashin ya kwance murfin yana neman batir, bai gani ba. Zoben robar da ke tsakanin murfi da jiki ya riga ya bushe, ya karye gida uku a hannunsa, ya kaɗe shi ƙasa ya ce ba ya da wani amfani. Ya hura cikin da baki. Da aka gaya masa jinkiri yake yi, ya sa bakin sukundireba ya tura ƴar sandar saiti, mai gajarta gashin agogo ko tsawaita shi, zuwa wajen alamar +. A wurin sanduna biyu ne kusa da juna, ya tura duka biyun. Ya karɓi dala ɗari, sefa 500.

Jinkirin ya ragu, wata rana sakan 20, wata rana 50, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mutuwar dare tana nan yadda take. Wani sabon abu kuma ya shigo: in an kara shi a kunne, bugun na ɗingishi, ɗaya dogo ɗaya gajere.

Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: man keke

Hunturu ya sauka da ƙurarsa. Shagon tela ko ba hunturu cike yake da burbushin yadi, balle an haɗu. Wata safiya bayan alwala sai ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi, ta yi kamar awa biyu kafin ta washe. A tsakiyar Janairu agogon ya tsaya da rana tsaka, a hannu.

Tela ya yi abin da ya saba yi wa kekensa in ya cije. Ya sa tsinin almakashi a ramukan murfin ya murɗa, almakashin ya zame sau biyu ya ja dogon layi a ƙarfen. Ya ɗiga man keke sau uku, ɗaya a kan faifan lilo, biyu a wajen balans, ya rufe. Agogon ya tashi nan take, tela ya ƙetaro titi ya nuna mini yana murna. Kashegari da azahar agogon na gaban waya da kusan minti 50. Bayan mako guda wani tabo ruwan ƙasa ya fito a fuskarsa, gefen tagar kwanan wata, inda man ya tsatso.

Fabrairu 2024: fetur

Wani bakanike abokinsa ya ce a wanke da fetur. Suka ciko sirinji, suka fesa a ciki sau da yawa, suka kifa shi a kan tsumma, suka shanya a rana. Gudun ya sauko daga minti 50 zuwa 6 ko 7. Bugun ya yi rauni, sai an kasa kunne sosai ake jin sa. Tela ya ci gaba da ɗaura shi yana cire minti bakwai a ka, kullum da safe ya mayar da shi daidai.

Maris 2024: awon kwana goma da kamfas ɗin darduma

Azumi ya kama cikin Maris, lokacin da tela ba ya da sararin sosa kai saboda ɗinkin Sallah. Na ce masa kafin kowa ya sake taɓa agogon, a fara rubuta abin da yake yi. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima. Daga 14 zuwa 23 ga wata, kullum ƙarfe 7 na safe, mukan gwada shi da lokacin waya mu rubuta a bayan littafin awon kaya, ƙasan kafaɗa da tsawon hannun mutane. Mafi ƙarancin gudu minti 6 da sakan 10, mafi yawa minti 7 da sakan 5. Ranar da muka ajiye shi bayan ya wuni a hannu, ya tsaya bayan awa 7.

A kwana na shida ina zaune ya tashi zai yi alwalar la'asar. Ya kwance agogon ya ɗora a wani murfin kwano da ke gefen keke, inda yake tara allurai da fil. Na lura alluran ba a zube suke ba, a tsaitsaye suke kamar ƙayar bushiya. Na ɗaga murfin. A ƙarƙashinsa ya manna zagayayyen maganaɗisu na tsohuwar sifikar rediyo, dabarar da teloli da yawa ke yi don kada allura ta ɓace. Tun Agusta, duk sallar da ta same shi a shago, a nan agogon ke kwanciya.

Da dare ya kawo dardumar Alhaji. Muka shimfiɗa ta tsakar gida nesa da ƙarfe, muka bar allurar kamfas ta natsu, muka kawo agogon kusa. Ta juyo da ƙarfi. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin ko ƙusa kan ja allurar kamfas kaɗan. Sai muka juya agogon sannu a hankali: ta gefen ƙarfe tara yana jawo kan allurar, ta gefen ƙarfe uku yana korar sa. Ƙarfen da bai sha maganaɗisu ba ja kawai yake yi, ba ya kora. Muka gwada almakashinsa, ya fi agogon ma juya ta.

Ƙarshen Maris 2024: wurin tsoho

Wani dattijo mai sayar da hula ne ya kwatanta mana wani tsohon mai gyaran agogo da ke da ɗan ɗaki a wani lungu bayan kasuwa. Muka gaisa, ya sa madubin ido ɗaya, ya kwance murfin da maɓuɗi mai haƙora, ya ɗan shinshina.

"Mi ka zuba mishi, ɗana?"

"Man keke ne, Baba. Daga baya muka wanke da fetur."

"Ba ku sa alkol ba dai?"

"A'a, Baba."

"To ka gode Allah. Garin neman gira saura kaɗan ka rasa ido."

Ya bayyana mana cewa duwatsu biyun da ke tare haƙoran ƙafar ƙarshe da wani ƙaro aka liƙa su, alkol, wato sifirit, na narkar da shi. Na miƙa masa littafin. Ya karanta layi-layi, ya ce a shekarunsa na aiki ba a cika kawo masa agogo da takardar asibitinsa ba.

Babu wuta a lokacin, muka jira har bayan la'asar. Da ta zo ya jona wata ƴar akwatin roba mai maɓalli ɗaya, cikinta naɗin waya ne. Ya ɗora agogon, ya danna, ya ɗaga shi sannu-sannu har iya tsawon hannunsa, sannan ya saki maɓallin. Ya juya shi ya maimaita. Wutar gida tana sauya fuska kai da kawowa sau 50 a sakan, maganaɗisun naɗin ma haka. Ana nisanta ƙarfe jan na raguwa, har ya rabu da shi bai fuskanci ko'ina ba. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba, bai kuma karɓi ko dala ba.

Awon kwana huɗu da suka biyo baya: gudun minti 1 da sakan 50 a rana. Tela ya so a ɗan taɓa sandar saiti a bar maganar nan. Tsoho ya ƙi, ya ce ba ya saita agogo mai datti, don abin da ya saita yau gobe datti zai warware.

Afrilu 2024: wankin gaske

Tsoho ya karɓi agogon bayan Sallah. Na je na ga kwancewar. Da sassafe yake aiki kafin iska ta tashi, sai ya yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin tukuna. Duk abin da ya ciro yakan ajiye a farin faranti ya kifa masa kofin shayi, har teburin ya cika da kofuna kamar ana jiran baƙi. Gashin agogon ya nuna mana ta madubi: zagaye biyu na waje har yanzu da danƙon mai a jikinsu, da wani siririn zare shuɗi manne. A ramukan duwatsu tsohon man 1997 ya daskare ya zama kamar ƙanzo. Sandar kunne ta fara tsatsa.

Sanadin mutuwar dare ya fito a ƙarƙashin faifan lilo. Akwai wani ƙarfe mai hannu biyu kamar hantsaki, Seiko na kiran sa Magic Lever, dabarar da suka fito da ita a 1959. Hannu ɗaya na ja, ɗaya na turawa a kan wata ƙafa mai ƙananan haƙora, ta yadda duk inda faifan ya juya sifirin na ɗauruwa. Bakin hannuwan ya cinye, haƙoran ƙafar sun dakushe. Faifan na ta lilo, rabin aikinsa na zamewa a banza.

Ba shi da sabo. An buɗe iyaka a watan Maris, sai tela ya roƙi mai kawo masa yadi daga Kantin Kwari ya nemo mataccen inji irin wannan wurin masu agogo a Kano. Ya iso bayan kwana 12, jika 4, sefa 4,000. Daga cikinsa aka ciri hannun, da ƙafar, da sandar kunne.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ya wanke kowane yanki daban a ruwan wankin da ke bushewa bai bar saura ba. Ya feƙe tsinke ya murza a ramin kowane dutse, ya sake feƙewa, har tsinken ya fito fari. Mai iri uku ya yi amfani da shi, mai ruwa-ruwa ga ƙafafu masu sauri, mai kauri ga masu nauyi, da giris ga wuraren gogayya, yana ɗiba da bakin allurar da aka daddale. Gashin agogon da haƙoran ƙafafu bai sa musu kome ba. Ya ce wa tela, "Ɗigo ukun da ka zuba, ni sai in yi shekara ban ƙarar da shi ba." Ya sa sabon zoben roba a murfi da wani a sandar kunne, dala ɗari. Ladan aiki jika 7.

Mayu 2024: saiti

Ba shi da na'urar awon bugu. Sandar farko, mai riƙe da ƙarshen gashin, da sauraren bugu ya daidaita ta har ɗingishin ya ɓace. Ta biyu kuwa sai ya matsar da ita kamar kaurin gashi, ya rufe, a jira kwana guda. Zagaye huɗu aka yi: gudun minti 2 da rabi, gudun sakan 40, jinkirin sakan 15, gudun sakan 12. A nan ya tsaya. Muka ajiye shi bayan wuni a hannu, ya yi awa 39.

Mun kuma gano cewa in ya kwana a kwance fuska sama yakan ƙara sakan kaɗan, in ya kwana a gefe kunne sama yakan rage. Tela ya koma kwantar da shi a gefe.

Yuni zuwa Disamba 2024: bibiya

An kai maganaɗisun can ƙarshen shago. An kafa ƙusa a bango nesa da keke da rediyo da waya, nan ake rataye agogon lokacin alwala. Juriyar ruwan da aka rubuta a murfin irin wannan ta fantsali ce, ba ta wanka ba. Ranar Juma'a kafin masallaci tela yake daidaita shi da waya, gyaran bai cika kai minti 2 ba. Sarƙar yakan goge ta da tsohon buroshin haƙori. Kwanan wata kullum sai ya kai 31, don haka a ƙarshen Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba sai an tura shi da hannu, kuma tsoho ya hana shi yin haka tsakanin tara na dare da huɗu na asuba, lokacin da haƙoran sauya kwana ke cije da faifan.

Ruwan ƙarshen Agusta, wanda ya yi ɓarna a garin, ya same shi a hanya ya jiƙe sharkaf. Kashegari muka bar agogon ya ɗumama a aljihu, muka ɗiga ruwan sanyi a gilashin, muka goge bayan minti ɗaya. Babu raɓa. Awon kwana bakwai a Disamba, cikin ƙura, ya nuna gudun sakan 10 zuwa 15.

Abin da ya faskara, abin da ya yi, da dalili

Tun farko cuta biyu ce: busasshen mai, da hannun ɗauri da ya cinye. Babu wadda sandar saiti ke warkarwa a cikinsu. Matashin kasuwa ya ɓoye alamar ne kawai, ya ƙara ɗingishi, kuma zubar da zoben roba shi ya buɗe wa ƙura da ruwa ƙofa. Ban ga laifinsa da yawa ba. Agogon batir ya sani, a nan kuma yana da amfani. Kuskurensa bai ce wannan ba nawa ba ne.

Gudun kuwa ya ruɗa mu ne saboda abu uku sun taru suna ba da alama ɗaya. Mai ya manne zagayen gashin ya gajarta shi, minti 50 ke nan. Maganaɗisu ma manne su yake yi, shi ya ba da kusan minti 5. Sauran na sandar da aka tura ne da raunin bugu. A ganina maganaɗisun ya ci ƙarfinsa ne bayan Janairu, da aka buɗe cikin da almakashin da ya sha shi, fetur kuma ya bar gashin da ɗan danƙo, don awon Oktoba bai nuna gudu ba. Fetur ya rage man keke, amma ya tafi da ɗan man da ya saura a duwatsu ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Da an ci gaba a haka, ƙila da ba hannun ɗauri kaɗai za a nemo daga Kano ba.

Littafin awo da kamfas ba su gyara kome ba, sun dai raba cututtukan ɗaya-ɗaya, shi ya sa tsoho bai yi lalube ba. Waɗannan biyun, da rataya nesa da maganaɗisu, da gwajin raɓa, da gogewa, da sauya maɗauri, duk mai agogo na iya yi a gida. Daga murfin baya zuwa ciki kuwa, in babu madubi da man da ya dace da wuri marar ƙura, hannun mai shi ɓarna ya fi yi.

An kashe jika 12 gaba ɗaya. In don sanin lokaci ne kawai, Casio F-91W, wanda ake yi tun 1989 kuma batirinsa kan yi kusan shekara 7, ya fi shi daidai nesa ba kusa ba, na kuma gaya wa tela haka tun a Maris. Ya ce ya ji. Tabon fuskar da layin almakashi suna nan, ba a iya fitar da su ba.

Nan da shekara huɗu ko biyar agogon zai sake neman wanki, tsoho kuma idonsa ya fara gajiya, ba shi da yaro a ɗakin. Ragowar mataccen injin Kano yana wurin tela, yakan kai shi can ranar Juma'a da safe ya kwance ya ɗaura a gaban tsohon. A karo na biyu wani ɗan sifirin ya yi tsalle daga hantsaki ya ɓace a ƙasa. Suka yi rarrafe rabin awa ba su gan shi ba, har tela ya aiki yaronsa shago ya ɗauko maganaɗisun sifika. Jan farko ya kamo shi, tare da fil biyu da wani sukurun da tsoho ya ce tun bara yake nema. Sai da suka jira wuta ta zo aka ɗora su duka a kan ƴar akwatin.